Rubutun da Iya Ma'u Ta Wanke

Duk yaron da aka haifa a Bauranya cikin shekara goma sha ɗayan nan, da wuya a ce Adawiyya ba ta rataya shi a sikeli ba. Ita ce doguwar matar nan ta ƙaramin asibitin garin, mai tafiya kamar an biyo ta da sanda, wadda in ta kira sunan mace a layin awo har mai shayin tsallaken hanya sai ya waiwayo. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. A takarda ma ba kowa ba ce, mai taimako kawai aka rubuta a gaban sunanta. Amma je ka tambayi matan garin wa ya san wadda cikinta ya shiga wata bakwai, wa ya san ɗan da ya tsallake allurar rigakafi, wa ke bin mace har ɗaki ya zazzage ta don ta daina ɗura wa jariri ruwan randa. Ita ce.

Ubanta Malam Lawal manomi ne, gero da dawa da ɗan wake a tsakani, kuma shi ya kafe sai ta gama sakandare a Kusada. Ta gama. Sakamako ya fito, lissafi ta ci, kimiyya ta ci, Hausa da addini kuwa ai ba a magana. Turanci ne ya tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi. Ta sake zama bayan shekara, ya sake kayar da ita. Ta ce to Allah ya raka taki gona, ta auri Sadisu, wanda dama shi take so tun yana kawo wa ubanta taki a amalanke. Sadisu mutum ne mai sanyi, da damina yana gona, da rani yana ɗaukar buhuna a babur tsakanin Ƙofa da Yashe da Kankia. In ya ce maka yanzu zai dawo, to ka ɗora girki ka sauke ka ci ka wanke kwano.

Aikin asibiti kuwa ba nema ta yi ba. Ta kai 'yarta ta fari, Halima, rigakafi, ta tarar da mai kula da asibitin, Malam Zakiyyu, wanda kowa ke ce wa Likita, shi kaɗai a gaban mata sun fi arba'in, yara na ta tsala ihu, shi ga allura ga sikeli ga littafi. Adawiyya ba ta iya ganin abu yana lalacewa ta yi shiru. Ta miƙa wa ta kusa da ita goyonta, ta ɗauki biro, ta ce masa ya yi allurarsa ita za ta auna ta rubuta. Da aka tashi ya duba littafin, bai ga kuskure ko ɗaya ba, ya ce gobe ma ta zo. Goben nan ce ta zama shekara goma sha ɗaya.

A tsakani ta sake gwada Turancin karo na uku, kuma a nan ta yi wautar da ba ta manta ba. Ta gaya wa kowa. Har sadakar ƙosai ta yi, ta ce a taya ta da addu'a. Da sakamako ya fito babu, sai da ta yi wata huɗu ba ta zuwa bakin rijiya cikin daɗin rai. Tana ajiye bokiti wata za ta ce, Baturiya an fito, wata ta ce a matsa wa matar gwamna ta ɗiba. Mutanen Bauranya ba su da mugunta, amma in suka samu abin tsokana sai sun tsotse shi kamar ƙwallon mangwaro.

To ana nan, farkon daminar bara, takarda ta zo daga ofishin lafiya. Likita ya kira ta gefe ya karanta mata. Duk mai taimakon da ke aiki a asibitocin ƙauye, ya kawo sakamako mai kiredit biyar har da Turanci kafin ƙarshen watan uku na shekara mai zuwa, a tura shi kwas a Kankia ya dawo da takardarsa. Wanda bai kawo ba, za a ba wani gurbinsa. Likita ya ce shi dai in ta shi ne ba ya son kowa sai ita, amma ba shi ya rubuta ba, ba shi zai goge ba.

Ta dawo gida ta zauna a kan turmi ba ta cire hijabi ba. Shekara talatin da huɗu, 'ya'ya huɗu, a ce ta koma zaman jarrabawa da yaran da ta kusa haifa. Sadisu ya ce ta gwada, faɗuwa ai ba mutuwa ba ce. Ta ce za ta gwada, amma da sharaɗi ɗaya: daga ita sai shi sai Likita. Ko uwarsa kada ta ji. Ta sa shi ya rantse, ya rantse.

Ita ta san inda Turanci ke kama ta. Manyan kalmomi ba su dame ta ba, wanda ya yi shekaru yana karanta kwalin magani ai ya saba da kalma mai tsawon igiyar guga. 'Yan ƙananan nan ne, masu harafi biyu uku, waɗanda ake barin musu gurbi a jimla a ce ka cike. Mu Bahaushe da "a" ɗinmu guda mun gama komai: a gida, a kasuwa, a mota, a ranar Juma'a. Bature kuwa da yake ba shi da aikin yi, safiya "in the morning", dare kuma "at night", Juma'a "on Friday". Ƙaramar mota ka shiga, "in a car", babba ka shiga, "on a bus", sai ka ce a kan rufin ka zauna tare da buhunan albasa. Ka tambayi dalili a ce maka haka yake. Adawiyya mace ce mai son dalili, shi ya sa suka kasa shiri.

Likita ne ya tura ta wurin Malam Ɗanmaliki, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, yana zaune a Kusada yana sayar da irin kayan lambu a ƙofar gidansa. Ta je ranar Lahadi ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa ciwonta. Tsohon ya saurara yana ƙulla irin kuɓewa a leda. Da ta gama ya ce mata shekara talatin ya yi yana koyar da abin nan, kuma bai taɓa ganin wanda ya iya shi ta hanyar neman dalili ba.

"Ɗiyata, waɗannan ba a haddace su kamar karatun allo. Kamar mutanen gari suke. Ke da kin san gidan kowa a Bauranya, dalili kika nema? Gani kika yi yau da gobe har ƙafarki ta sani. Kowace ki aje ta inda take zama, tare da abokin zamanta, ki riƙa wucewa kina gaishe su."

Ya karɓi littafinta ya cika mata shafi huɗu, kowace kalma da abokiyar tafiyarta, guda sittin da bakwai. Shi a nufinsa, ta riƙa kawo hoton abin a ranta. Adawiyya kuwa ba ta san wani hoto a rai ba. An ce ta aje, za ta aje.

Ruwa na ɗaukewa, ta samo gawayi da ragowar alli daga jakar Halima, ta bi gida. Cikin murfin tukunya ta rubuta "in", a bayansa "on". Ƙarƙashin gado "under". Tsakanin rumbunansu biyu ta ja layi a ƙasan bango ta sa "between". A zaure "through". Da ta gama da masu sauƙi ta shiga masu aure, waɗanda ba sa rabuwa da abokansu. Jikin rumbun gero ta rubuta "depend on", don shi gidan ya dogara da shi. Randa ta samu "full of". Rediyo "listen to". Lungun da aka taɓa kashe kunama "afraid of". Turmi "good at", don wajen daka babu mai ja da ita. Ƙofar ɗakin Sadisu "married to", tankin babur ɗinsa kuwa "wait for", kuma da ya tambayi ma'anarsa ta gaya masa, ya yi dariya ya ce an zalunce shi. Turken akuya ta rubuta masa "angry with" da manyan baƙaƙe, saboda farar akuyarsu ta ci mata zane biyu da rabin katin awo.

Kullum da safe kafin ta fita sai ta zaga, tana taɓa kowanne tana faɗi. Yaran ta ce musu aikin asibiti ne, wanda ya goge ko ya kai zancen waje zai gamu da ita. Suka kama bakinsu, sun san uwarsu.

Da ta tsaya a bango da tukwane da ƙila ba wanda zai kula. Amma saura ɗaya ta rasa inda za ta sa, "belong to", wato mallakar wane. Ta duba ta duba, idonta ya faɗa kan akuya. Ta jiƙa shuni ta kama ta ta rubuta mata a haƙarƙari, ɓaro-ɓaro, shuɗi a kan fari. Wallahi mai hankali ma wani lokaci sai ka rasa inda ya ajiye hankalin.

Akuya dai ba ta san sirri ba. Washegari da hantsi ta tsinke igiya ta haura katangar da ta zube ta faɗa gidan Iya Ma'u.

Iya Ma'u ita ce maƙwabciyarsu ta gabas, tsohuwa mai kusan saba'in, aminiyar marigayiya uwar Adawiyya, kuma a lokacin matar jikanta na da tsohon ciki a gidan. Tana zaune tana tsince wake ta ɗaga kai ta ga farar akuya da rubutu a jiki, ba na Larabci ba, ta nufi ƙofar mai cikin kai tsaye. Ita akuyar, dusa ta hango, amma wa zai gaya wa Iya haka? Ta yi salati ta kore ta da muciya, ta bi ta har gida don ta ga ta wa ce. Ta shiga ta tarar ba kowa, ta ga zaure da rubutu, rumbu da rubutu, randar da ake sha da rubutu. Ta buɗe tukunya, rubutu. Ta leƙa ƙarƙashin gado, rubutu. Ƙofar mijin, rubutu.

A garinmu rubutu a allo yake, ko a takarda, ko a bangon makaranta. In ka gan shi cikin murfin tukunya da ƙarƙashin gado da jikin dabba, to sunansa daban. Kafin la'asar magana ta gama gari: Adawiyya ta je wurin boka. Wasu suka ce don ta mallake Sadisu ne, wasu suka ce Sadisun da ko kaza ba ya iya kora mi za a mallaka a jikinsa. Wadda ta fi zama a bakin mutane ita ce, an ji ƙishin-ƙishin za a sallami masu taimako, shi ne ta je aka yi mata aiki don ta kafe a kujerarta, kuma irin wannan aiki ba ya ci sai da jinin jarirai ko inuwarsu. Akwai 'yan sakandare a garin da za su iya karanta abin cikin minti ɗaya, amma iyayensu sun hana su ko bi ta ƙofar gidan.

Ranar Talata, ranar awo, mata goma sha ɗaya suka zo a maimakon hamsin. Cikinsu wata da Adawiyya ta miƙa hannu za ta karɓi ɗanta, sai ta ja baya ta ce bari Likita ya gama, ba ta sauri. Wannan yaron Adawiyya ce ta yanke masa cibiya. Ta mayar da hannunta ta rasa inda za ta sa shi, ta kama gyara littafin da ba abin da ya same shi.

Talata ta biyu mata bakwai. Likita ya rufe ƙofa ya ce mata ta fito ta faɗi gaskiya, kalma ɗaya ce, jarrabawa, kowa ya huta. Ya ce ko ta kawo kiredit goma, in mata ba sa yarda ta taɓa 'ya'yansu, ofis za su ga lambobin sun faɗi su tambaye shi, shi kuma ba zai yi ƙarya ba. Sadisu ma ya roƙe ta ta sake shi daga rantsuwar, don a majalisa an fara matsawa in ya zauna. Ta ce a'a. Ta ce in ta faɗa ta kuma faɗi karo na huɗu, ga aiki ya tafi ga Baturiya ta dawo har ta mutu. A bar ta ta zauna jarrabawar tukuna, saura kwana goma sha biyu. Ka ji fa, mace ta gwammace a ce mata matsafiya da a ce mata daƙiƙiya. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin rijiyar Bauranya ba shi zai ce ta yi wauta.

Saura kwana tara, ta tafi Kankia karɓo katin shiga jarrabawa ta kuma ga makarantar da za a zauna. Sadisu na gona ana yankan dawa, yara na makaranta. Iya Ma'u dama jira take. Ta sa aka tsinko mata ganyen magarya, ta daka, ta zuba a bokiti uku, ta yi tofin da ta sani a ciki. Ta kira mata biyu masu ƙarfi, suka shiga gidan da soso da tsintsiya da toka. Ba su bar komai ba. Bango, rumbu, zaure, turmi, turke, rediyo ma sai da aka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Tukwanen da suka shekara ba su ga farinsu ba aka dirje su har suna ɗaukar ido. Akuya aka danne ta mutum biyu, aka yi mata wankan da ko amarya albarka.

Adawiyya ta dawo bayan la'asar. Tun daga zaure ta ga bango jiƙe, fes. Ta shiga ta tarar da Iya Ma'u zaune a kan turminta, matan biyu na tsaye a bayanta, hannuwansu duk toka. Ta dubi rumbu, ta dubi randa. Wata biyu na tashin asuba, babu ko ɗigo.

"Iya, mi na yi maki?"

"Ba ki yi mani komi ba. Uwarki ta bar mani ke, ranar da za ta cika hannuna ta riƙe. Ina raye ba ki lalacewa. Ban tambaye ki wanda ya ba ki ba, ban son in sani. Na wanke, ya tahi. Aiki kuwa in naki ne, ba mai amshe shi, ba sai kin bi ta wannan hanya ba."

Maganar ta zo wa Adawiyya har leɓe. Ta buɗe baki za ta ce Turanci ne, Iya, Turancin banza ne na 'yan makaranta. Sai ta ga idon matan nan biyu a kanta, ɗaya daga cikinsu ma ita ce ta fara raɗa mata Baturiya. Ta haɗiye. Ta durƙusa ta ce ta gode, Allah ya bar zumunci. Iya ta dafa kanta ta yi mata addu'a mai tsawo, ta ce a zubar da sauran ruwan a bayan gida, suka fita.

Nan Adawiyya ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Littafin Malam Ɗanmaliki na nan a jakarta, ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce ba ta isa ta sake ɗaukar gawayi a gidan nan ba. In ta rubuta ko harafi ɗaya, a ce ta koma, kuma wannan karon ko magaryar duniya aka daka ba mai kawo mata ɗa. In ta bar shi, ga jarrabawa saura kwana tara, ita kuma ta san kanta da takarda, ta karanta da safe kafin azahar ya gudu.

Tana nan zaune Sadisu ya shigo da babur, wanda ya ce zai dawo da azahar. Ya kashe ya jingine shi jikin bango. Shi ma tankin tun jiya raɓa da gwiwarsa suka cinye allin, ba komai a kai. Ta ɗaga jajayen idanu ta dube shi, ta dubi tankin, don haushi bakinta ya ce, "Wait for."

Ta juya ta dubi randa. Randa ce kawai, baƙa, jiƙaƙƙiya, amma tana kallonta abin ya zo da kansa, "full of". Ta dubi turke. "Angry with." Ta miƙe tsaye.

"Baban Halima, buɗe jakata ka ɗauko littafin nan. Ka biyo ni. In na yi kuskure ka tsayar da ni."

Ya ce shi da ya tsaya a aji shida ina ya ga karanta wannan. Ta ce ya dai duba ko baƙaƙen sun yi kama da abin da take faɗi. Haka suka zaga gidan, ita a gaba tana dafa wuri tana faɗi, shi a baya da yatsa a kan layi yana bi da kyar. Zaure, rumbu, tsakanin rumbu, lungun kunama, ƙarƙashin gado, igiyar shanya, bakin kwata. Yara suka dawo daga Islamiyya suka tsaya suna kallon iyayensu kamar sun zautu. Cikin sittin da bakwai, uku kawai ta rasa, su ma da ya fara faɗin harafin farko ta ƙarasa. Ashe tun tuni abin ya bar bango ya koma inda soso ba ya kaiwa, ita ce ba ta sani ba, don kullum yana gabanta ba ta taɓa gwada rufe ido ba.

Ta sake zama a ƙasa, wannan karon dariya take har da riƙe ciki. Sadisu ya ce to yanzu kuka ake ko mi, a gaya masa ya san wanda zai taya. Ta ce ya je ya ɗaure akuya.

Iya Ma'u kuwa ba ta kwana da labari ba. Gida-gida ta bi tana faɗin yadda ta karya abin, da yadda yarinyar ta durƙusa ta yi godiya, da yadda ta ga wani nauyi ya sauka daga fuskarta. Ta ce duk wadda ta ƙara faɗin wata magana a kan ɗiyar aminiyarta, da ita take yi. Ranar Talata da kanta ta riƙo hannun matar jikanta ta kawo ta awo, ta zaunar da ita a gaban Adawiyya ta ce a duba mata ita da kyau. Mata talatin da takwas suka zo ranar. Ta gaba, har benci bai isa ba. Likita ya dubi layin ya dubi Adawiyya ya girgiza kai, ya ce shi dai ya yi karatun lafiya amma ba a koya musu wannan ba.

Ranar jarrabawa ta ce wa maƙwabta za ta Kankia karɓo magunguna. Ta zauna a aji cikin 'yan mata masu ƙamshin turare, gwiwarta ba ta shiga ƙarƙashin tebur ba sai a karkace. Rubutun wasiƙa ya ba ta wuya, ta yi gumi, ta dai rubuta yadda take rubuta rahoton wata. Da aka zo wurin cike gurbi kuwa sai ta ajiye biro ta lumshe ido, ta shiga zaurenta. Tambaya ta ce wane yana tsoron kaza, ta leƙa lungun kunama ta ɗauko. Wata ta ce wance ta ƙware a kaza, ta je turmi. Mai tsaron aji ya zo ya tsaya a kanta ya ga ko barci take, ya ga tana murmushi ido rufe, ya wuce yana waiwaye. Akwai waɗanda ba su cikin gidanta sam, su ta ce bisimilla ta zaɓa.

Wata uku ana jira. Ta rame, ba ta ce wa kowa komai ba. Da aka ce ya fito, Sadisu ya kai ta Kankia shagon wata Rauda mai kwamfuta, ya tsaya a waje wai yana gadin babur, alhali tsoro ne. Rauda ta danna ta danna, inji ya turo takarda. Adawiyya ta ce kada ta miƙo mata, ta duba layin Turanci kawai ta faɗa.

"Hajiya, C6 ne."

"Kiredit ne ko ba kiredit ba?"

"Kiredit ne. Na ƙarshe, amma kiredit ne."

Ta nemi kujera ta zauna. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba, numfashi kawai ta sauke mai tsawo, ta ce a ba ta ruwa. Ta sa aka buga mata kwafi biyar, ta ce ko akuya ta ci ɗaya akwai saura. Daga nan ba gida suka nufa ba, Kusada suka fara biyawa. Malam Ɗanmaliki ya sa tabarau ya duba, sannan ta ba shi labarin gawayi da shuni da magarya. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce shi bai ce ta rubuta a jikin dabba ba, kada ta sa sunansa. Washegari ta kai wa Likita takardar, saura kwana goma sha tara wa'adi ya cika. Ya karanta sau biyu, ya sa a fayil, ya rubuta sunanta a jerin masu tafiya kwas.

Sai a lokacin ta saki Sadisu daga rantsuwa. Ita kuma ta sayi turmin atamfa da goro ta shiga gidan Iya Ma'u, ta zauna a gabanta ta warware mata komai tun daga takardar ofis. Ta ce ba boka, ba asiri, darasi ne na Turanci, kuma ta yi shiru ne don kunya. Iya ta saurara tana ɓare goro, ba ta katse ta ba. Da ta gama ta tambaye ta sau nawa ta zauna jarrabawar nan kafin a wanke gidan. Ta ce uku. Ta ci? Ta ce a'a. Bayan an wanke fa, sau nawa? Ta ce ɗaya.

"To ke da kika ci lissahi, lissafa mana."

Adawiyya ta tura mata atamfar gabanta ta ce Allah ya ƙara girma.

Yanzu haka tana Kankia Litinin zuwa Alhamis, da farin kaya da jaka, ita ce babba a ajinsu, har malaman na ce mata Anti. Gurbinta na Bauranya na nan an ajiye mata, Likita ya mayar da awo ranar Juma'a da safe don ta samu zuwa. Saura mata shekara ɗaya da rabi. Matan garin sun kasu biyu, masu cewa ƙoƙarinta ne da masu cewa magaryar Iya ce, kuma duka ɓangarorin ita suke miƙa wa 'ya'yansu.